Koyar da Likitan Dabbobi Ma Ilimi Ne, A Ba Shi Tsaninsa

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a watan Yulin 2024, zancen da ya cika bakin jama'a shi ne na burtali da wuraren kiwo, da madarar da muke sayowa daga waje, da allurar rigakafi. Duk waɗannan suna kan hanya. Sai dai kowanne daga cikinsu, in an bi shi har ƙarshe, a hannun mutum guda yake faɗawa, wato likitan dabbobin da zai tsaya gaban saniya ya ce ga abin da ke damunta, ko ya tsaya a mayanka ya ce wannan nama ba zai shiga kasuwa ba. Shi kuma wannan likita wani ne ya koyar da shi, tsawon shekara shida, a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ko Ibadan ko Nsukka. Wannan mai koyarwar ne ba a cika ambatonsa ba. Ra'ayina shi ne jami'o'inmu sun tsara hanyar ƙarin girma ta yadda malamin da ya ba koyarwa ƙarfinsa shi ne yake kwana a ciki, kuma lokaci ya yi da za a buɗe tsani na musamman, mai kaiwa har kujerar farfesa, ga wanda ya ƙware wajen horar da likitocin dabbobi, yake kuma yin bincike na gaskiya a kan yadda suke koyo.

A fara da duba yadda malami yake hawa a yau. Daga ƙaramin malami zuwa babban malami, daga nan zuwa mataimakin farfesa har farfesa, abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne yawan maƙalun da mutum ya buga a mujallun ilimi. A matakai biyu na ƙarshe ana tattara maƙalun nan a aika wa masu tantancewa na waje, su karanta su ba da maki. Koyarwa tana da gurbi a takardar, amma a galibin wurare abin da ake ƙirgawa shi ne shekarun da mutum ya yi yana shiga aji da yawan darussan da aka ɗora masa, ba a tambayar me ɗaliban suka fita da shi. Don haka malamin da ya kwashe ɗalibai ashirin da asuba ya kai su mayanka, ya tsaya a kansu suna tsaga kaluluwar huhu suna neman alamar tarin fuka, ya sa kowa ya maimaita har hannunsa ya faɗa, makinsa ɗaya da wanda ya shiga aji ya karanta takardun da ya rubuta shekara goma da suka wuce ya fita. Na biyun ma ya fi shi riba, domin safiyar da na farko ya ɓatar a cikin jini da tumbi, shi ya yi ta ne yana rubuta maƙala. Matashin da ya shigo aikin ba ya buƙatar a yi masa bayani. Yana ganin wanda ke hawa da wanda ke zaune, sai ya san inda zai sa ƙarfinsa.

Wannan tsari yana cutar da kowane fanni, amma ya fi yi wa likitancin dabbobi illa saboda yanayin aikin. Likitan mutane jiki iri ɗaya yake karanta, mara lafiyarsa kuma yana iya cewa ga inda ke masa ciwo. Likitan dabbobi kuwa dole ya san saniya da akuya da tunkiya da doki da jaki da raƙumi da kare da kaza, kowanne da irin cikinsa da irin maganin da yake ɗauka, kuma babu mai buɗe baki ya yi masa bayani. Rabin iliminsa a yatsunsa yake. Ɗauki misalin duba ciki a saniya. Ɗalibi zai sa doguwar safar hannu ta leda har kafaɗa, ya tura hannu ta dubura, ya lalubi mahaifa ta bayan bangon hanji, ya gane ko akwai ciki da watanninsa. Malamin da ke tsaye kusa da shi ba ya ganin abin da hannun yake taɓawa. Yana tambaya, ɗalibin yana amsawa da abin da ya haddace a littafi, wataƙila kuma tumbi yake dannawa yana zaton mahaifa ce. Saniyar ma ba za ta jure hannun mutum hamsin a rana ɗaya ba. Yadda za a koyar da abin da ido ba ya gani, a kuma tabbatar an koya, matsala ce ta ilimi mai zaman kanta, ba ta fi gano ƙwayar cuta sauƙi ba.

An kuwa samu waɗanda suka ɗauke ta da muhimmancin da ta cancanta. Sarah Baillie likitar dabbobi ce 'yar Birtaniya da ta yi shekaru tana aikin shanu a gonaki kafin ta koma jami'a ta karanta kwamfuta. A Jami'ar Glasgow ta ƙera wata na'ura mai siffar bayan saniya, wadda ɗalibi zai sa hannu a ciki ya ji tauri da laushin mahaifa kamar gaske, malami kuma yana kallon motsin yatsunsa a allon kwamfuta yana gyara masa. Abin lura shi ne ba ta tsaya ga ƙera na'urar ba. Ta raba ɗalibai, wasu suka yi horo da ita wasu ba su yi ba, sannan aka kai su ga shanu masu rai aka duba waɗanda suka iya gano mahaifa, aka ga waɗanda suka yi horon sun fi. Wannan bincike ne da dukan sharuɗɗansa: tambaya, gwaji, awo, da sakamakon da wani zai iya maimaitawa. Daga baya ta zama farfesar ilimin koyar da likitancin dabbobi a Jami'ar Bristol. Fannin yana da mujallarsa da ƙungiyar kwalejojin likitancin dabbobi ta Amurka take fitarwa tun shekarun 1970, kuma Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan tana ba da digiri na biyu a kansa. Ke nan abin da nake kira a yi ba sabon abu ba ne a duniya, mu ne dai ba mu buɗe masa ƙofa ba.

Hujjar cewa salon koyarwa yana canza sakamako ba ta tsaya kan shanu ba. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya da lissafi da injiniyanci na jami'o'i, suka kwatanta ajin da malami ke ta lacca ɗalibai na saurare da ajin da ake sa ɗalibai aiki da muhawara da warware matsala. Sun samu cewa kimanin kashi 34 cikin ɗari ne ke faɗuwa a aji na farko, a na biyu kuwa kimanin kashi 22. A ɓangaren jarrabawa, tun 1975 Ronald Harden na Jami'ar Dundee ya fito da tsarin da ɗalibin likita zai bi tasha-tasha, a kowace ya yi wani aiki da hannunsa a gaban mai dubawa da ke riƙe da jerin abubuwan da dole a gani. Makarantun likitancin dabbobi da dama sun ɗauki tsarin, domin yana raba wanda ya iya da wanda ya haddace. Sannan a 2012 Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta fitar da jerin ƙwarewar da ta ce duk wanda ya gama karatun likitan dabbobi ya kamata ya mallaka tun ranarsa ta farko a bakin aiki. Jerin yana magana ne a kan abin da mutum zai iya aikatawa, kamar gane cutar da ke ƙetare iyakoki da kai rahotonta, da duba nama, da amfani da magani bisa ƙa'ida, da iya magana da masu dabbobi. Tambayar ita ce, wa zai auna ko ɗalibanmu sun mallaki waɗannan, in babu wanda aikinsa ke nan?

Tarihin bushiya ya isa darasi ga mai shakka. Wannan annobar shanu tana cikin dalilan da suka sa aka kafa makarantar likitancin dabbobi ta farko a duniya a Liyon ta Faransa a 1761, ita ce kuma ta sa ɗakin binciken Vom, wanda aka kafa a 1924, ya duƙufa kan haɗa rigakafi. A 1962 aka fara gagarumin gangamin allura a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, wato Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma allurar da Walter Plowright ya samar tana ba da kariya ta tsawon rai. Duk da haka cutar ta dawo, ta shigo Najeriya a 1983 ta yi wa makiyaya ɓarnar da dattawan ruga ba su manta ba. Allurar ba ta gaza ba. Abin da ya gaza shi ne bibiya: yi wa maruƙan da aka haifa daga baya, da sa ido, da kai rahoto da wuri. Da aka zo kawar da ragowar cutar a Kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha a shekarun 1990, abin da ya yi aiki shi ne allurar da ke jure zafi, haɗe da horar da makiyaya su yi wa dabbobin yankinsu da kansu, da kuma koya wa likitoci su zauna su saurari abin da masu shanu suka sani game da inda cutar take ɓuya. A 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya. Wani babban kaso na wannan nasara aikin koyarwa ne, na sanin me za a koya wa wa, da wane harshe, da yadda za a tabbatar ya zauna. Yanzu duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da annobar awaki da tumaki, 'yar'uwar bushiya, kuma buƙatar ba ta canza ba.

Akwai kuma tambayoyin da babu wanda zai amsa mana su daga Bristol ko Landan, domin ba su da irin matsalar. Yawancin littattafan da ɗalibanmu ke karantawa an rubuta su ne da tunanin saniyar da ke killace a gona, mai lamba a kunne da tarihin lafiya a rubuce. Wanda ya gama karatu a nan zai tarar da Bunaji da Rahaji da Bokoloji a hannun makiyayin da ke tafiya da damina da rani, wanda kafin ya kira likita ya riga ya sayi allura a kara ya yi wa saniyar sau biyu. Ta yaya ake koya wa ɗalibi ya ɗauki tarihin cuta daga bakin wannan mutum, ya gane me yake nufi da sammore ko kirci ko ciwon hanta, ya kuma fahimtar da shi cewa nonon saniyar da aka yi wa allura ba a kai shi kasuwa sai kwanakin maganin sun fita? Awaki da kaji na cikin gida galibi na mata ne, to wane irin horo ne zai sa likita ya kai gare su ba tare da keta al'adar gidan ba? Wace hanya ce ta fi dacewa a koyar da tiyata ga aji mai cunkoso da dabbobi kaɗan? Me ke zubewa daga hannun ɗalibi idan karatu ya tsaya wata takwas, kamar yadda ya faru a yajin aikin malaman jami'a na 2022, kuma ta yaya ake maido da shi? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa aikin digirin digirgir. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda da yawa daga likitocinsu a makarantar ƙasashen yankin da ke Dakar suka yi karatu, suna fuskantar irinsu, don garken da ke ƙetare iyaka ɗaya ne.

Mai suka na farko zai ce ƙasar da murar tsuntsaye ta ɓulla a cikinta a 2006, wadda ciwon saifa ya sake bayyana a Jihar Neja a 2023, ga haukan kare ga ciwon huhun shanu, ba ta da malaman da za ta raba wasu su koma binciken aji. Maganar tana da nauyi, kuma ba wanda ya ce a rufe ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai a tuna cewa ɗakin gwaji ba ya fita neman cuta. Jira yake a kawo masa samfur, mai kawowa kuwa shi ne likitan da ke ƙaramar hukuma, wanda ko dai ya gane cewa saniyar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ba a feɗe ta, ko kuma ya bari a yanka a raba naman. Ingancin binciken Vom ya dogara ne a kan idon wannan likita, idon kuma a aji aka wasa shi. Bayan haka, ba tsangaya duka ake nema ba. Mutum biyu ko uku a kowace tsangaya, waɗanda wannan ne fanninsu, sun isa su gyara jarrabawa, su horar da sababbin malamai, su kula da ɗakin koyon aikin hannu. Hakan ma sauƙi zai kawo wa masu binciken ƙwayoyin cuta, domin zai rage musu nauyin da suke ɗauka ba da son ransu ba.

Suka ta biyu ta fi kaifi: koyarwa ba ta aunuwa, don haka wannan tsani zai zama mafakar malalata, waɗanda suka kasa bincike su fake da cewa su gwanayen aji ne. Haɗarin gaskiya ne idan aka gina tsanin a kan ra'ayin ɗalibai kaɗai, domin ɗalibi yana iya yabon mai ba da maki da arha. Amma jami'o'in da suka buɗe irin wannan hanya, kamar Glasgow da Bristol, ba haka suke yi ba. Mai neman hawa sai ya kawo shaida: manhajar da ya tsara da dalilin tsara ta haka, sakamakon ɗalibai kafin gyara da bayansa, rahoton abokan aiki da suka zauna a ajinsa, binciken da ya buga wanda masana suka tace, da alamar cewa wasu makarantu sun ɗauki abin da ya fito da shi. Duk wannan ana iya aika shi ga mai tantancewa na waje kamar yadda ake aika maƙalu. Tun 1990 Ernest Boyer na Gidauniyar Carnegie ya yi bayanin cewa koyarwa ma aikin masana ce, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka ƙara da cewa tana zama haka idan aka fito da ita fili, aka bari a soke ta, wasu kuma suka yi gini a kanta. Sannan a faɗi gaskiya, ma'aunin da muke da shi yanzu ma ba tsarkakakke ba ne. Kowa a jami'a ya san mujallun da ake biya su buga komai cikin mako biyu, ya san kuma maƙalar da ake jera sunaye takwas a kanta alhali mutum biyu suka yi aikin. Tsarin da ya haƙura da wannan ba shi da bakin cewa shaidar koyarwa ce ba abin yarda ba.

Suka ta uku ita ce kuɗi. Na'urar Baillie tana da tsada, tsangayar da ke fama da wutar lantarki da abincin dabbobin gwaji ba za ta saye ta ba. Haka ne, amma akasarin kayan ɗakin koyon aikin hannu ba na'urori ba ne. Ana koyon ɗinki a kan soso da aka lulluɓe da ƙyalle, ana koyon neman jijiya a kan siririn bututun roba da aka cika da ruwa mai launi aka binne cikin katifa, ana koyon ɗaure jijiyar jini da igiya da ƙugiya a kan katako. Bristol ta sa littattafan bayanin irin waɗannan a intanet kyauta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna ya gwada ko samfurin da aka haɗa da kayan kasuwar Sabon Gari yana koyar da abin da ake so, ya rubuta sakamakon don Sakkwato da Maiduguri su amfana. Habasha ba ta fi mu arziki ba, amma Jami'ar Gondar ta haɗa gwiwa da Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka daga 2015, suka auna manhajarsu da jerin ƙwarewar Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, suka ga inda take da giɓi, suka gyara. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan, domin da taimakon Jami'ar Jihar Kansas aka gina tsangayar Zariya a shekarun 1960. Bambancin shi ne a wannan karon ƙwarewar ya kamata ta zauna a hannun namu, ta zama aikin rayuwar wani.

Akwai masu cewa ai gwani shi ne malami, wanda ya iya tiyata zai iya koyar da ita. Da haka ne da ba a sha wahala ba. Gwanin da ya yi shekara ashirin yana aiki hannunsa ya riga tunaninsa, har ya manta matakan da sabon shiga ke tuntuɓe a kansu, shi ya sa sau da yawa yakan ce wa ɗalibi "duba ka gani" maimakon ya warware masa. Jami'a kuwa tana ɗaukar wanda ya fi kowa maki ta miƙa masa aji ba tare da horon koyarwa ko na wata ɗaya ba, alhali malamin firamare sai ya yi shekara uku a kwalejin ilimi. Wanda ya zaɓi ya cike wannan giɓi a yau yana yin kasada da rayuwarsa ta aiki. In ya buga bincike a kan jarrabawa, kwamitin ƙarin girma yana iya cewa wannan ba likitancin dabbobi ba ne, ya kai Tsangayar Ilimi, can kuma a ce masa ba ɗan gida ba ne. Ba a yi wa mutum adalci ba in aka ce ya yi wannan aiki don Allah kawai, ana kallon sa'o'insa suna wuce shi.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka daga majalisa. Kowace jami'a tana da ikon sake sharuɗɗan ƙarin girma, ta rubuta a fili cewa binciken koyarwa a fannin likitancin dabbobi bincike ne na tsangayar, ta kuma fayyace shaidar da za a kawo a kowane mataki. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, a sabuwar manhajar da ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, kuma wannan fili ne da ke neman masu ilimin tsara manhaja, in ba haka ba za a cike shi da tsofaffin darussa masu sababbin sunaye. Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, wadda ke tantance tsangayoyi, tana iya ƙara tambaya ɗaya a ziyararta: ku nuna mana yadda kuka tabbatar kowane ɗalibi ya yi waɗannan ayyuka da hannunsa kafin ku sallame shi. Asusun TETFund kuma yana iya ware wani ɓangare na tallafin bincike da na ƙaro karatu ga wannan fanni. Tsangayoyin likitancin dabbobi suna ƙaruwa a ƙasar nan, kuma kowace sabuwa daga tsofaffin take ɗibar malamai da salon koyarwarsu. In ba a gyara tsanin yanzu ba, abin da za mu yawaita shi ne masu takardar shaida, makiyayi kuma zai ci gaba da yin abin da ya saba idan likita bai gamsar da shi ba, wato ya koma wurin mai sayar da magani a kara.